Bulo Dubu a Cikin Kwali Ɗaya

Bulon wasa ƙananan gutsattsarin roba ne masu launi iri-iri, kowanne da 'yan ƙusoshi a samansa da rami a ƙasansa, ta yadda idan aka danna wani a kan wani sai su kama juna, ba siminti ba ruwa. Wanda ya fi suna a duniya shi ne na kamfanin Lego, wanda wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932. Da katako ya fara, yana sassaƙa wa yara agwagi da motoci, daga baya aka koma roba. A 1958 aka yi rajistar fasalin da ake bugawa har yau, shi ya sa bulon wancan zamani yake hawa kan na bana daram. Da wa'adin rajistar ya ƙare, sai masana'antun ƙasar Sin, musamman na yankin Shantou, suka shiga buga irinsa da arha, kuma irin nasu ne ya fi isowa kasuwannin Najeriya.

Bulon da aka fi sani, mai ƙusa takwas, tsawonsa santimita 3 da 'yan kai, faɗinsa santimita ɗaya da rabi, kaurinsa bai cika santimita ɗaya ba. Wannan awon shi ne mafi muhimmancin bayani a kan kayan, shi ne kuma wanda masu talla suka fi mantawa su rubuta.

A ƙasashen Turai da Amurka cinikinsa ta intanet sana'a ce mai zaman kanta. Akwai kasuwar BrickLink da aka buɗe a shekarar 2000, wadda kamfanin Lego ya saye a 2019, inda ake sayar da shi ƙwaya-ƙwaya, kowace da lambarta da launinta, manya masu furfura suna cinikinta ba dariya a fuskarsu. A Najeriya babu kasuwar da ta keɓanta da shi. Yana nan cakuɗe da takalma da wayoyi a shafukan saye da sayarwa irin su Jumia da Konga, da suka fara aiki a 2012, da Jiji da ta biyo baya a 2014, sai kuma tallan da ake yi a Facebook da WhatsApp. Tsarin cinikin a arewacin Jigawa sananne ne. A ga hoto, a tambayi gaskiyar kuɗi, a je wurin mai POS a tura, mai kaya ya kai tashar 'Yankaba a Kano ya ba direba, ya turo lambar direban. Daga nan kaya su yi tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka zuwa Gumel, a sake musu mota idan na ƙauye ne.

Mutanen wannan yanki ba baƙin ciniki ba ne. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana ci a bakin iyakar Nijar, kuma a can ba a sayen rago sai an buɗe bakinsa an duba haƙora, an mammatsa gadon bayansa, an ɗaga shi an ji nauyi, dillali na tsaye yana rantsuwa. Duk wannan ilimi a hannu yake, intanet kuwa ba ta ba hannu aiki. A fuskar waya, tunkiya da raƙumi girmansu ɗaya.

Misalin da ya fi fito da wannan matsala ya faru ne a Ɗanzomo, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar. Wani magidanci ya sayar da riɗinsa bayan kaka, ya ƙudurta bana zai rabu da dangar kara ya yi katanga kamar kowa. Yana cikin latse-latsen waya da dare sai ya ci karo da talla a wani shafi: bulon gini guda dubu, ja da shuɗi da rawaya da kore, ba ya buƙatar siminti, kuɗinsa bai kai na buhun siminti biyu ba. A hoton har an ɗora gida da shi, da ƙofa da taga. Ba a ce bai yi bincike ba. Ya tambayi mai kaya ko yana da ƙarfi, aka ce ko taka shi ya yi ba zai fashe ba. Ya tambaya ko ruwan sama yana cinsa, aka ce har abada. Gara fa? Aka ce gara ba ta kusantarsa. Ya ce to sai an nemo ƙwararren magini ke nan? Aka ce yaro ɗan shekara huɗu ma yana ginawa. Ya kamata a lura cewa babu ƙarya ko ɗaya a cikin amsoshin nan.

Ya tura kuɗi. Kashegari ya sa aka tumɓuke danga, aka yi sadakar karan ga mai ƙosan unguwa. Duk da maganar mai kaya, ya ɗauko magini daga Gumel, don a cewarsa aikin yaro daban na babba daban. Ya ɗauki leburori, ya yi hayar amalanke biyu da shanunsu, ya kuma aika wa surukinsa cewa ya zo ya sa albarka. Ranar da direba ya ce zai iso, tun hantsi duk suka hallara a bakin titi, kusa da teburin mai shayi. Kowace babbar mota ta tunkaro sai magidancin ya miƙe ya kakkaɓe riga, ta wuce ya zauna.

Wadda ta tsaya ƙaramar mota ce ta haya, cike da fasinja, da akuya a but. Direba bai ko kashe ta ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Wane ne mai saƙo daga Kano?" Sannan ya sunkuya, ya lalubo wani abu daga ƙarƙashin kujerarsa, ya miƙo da hannu ɗaya. Da hannun hagu ma, don na dama yana riƙe da sitiyari.

Waɗanda suka halarta sun kasu biyu a kan wane lokaci ne ya fi muni. Kashi na farko suna cewa lokacin karɓa ne. Magidancin ya ware ƙafafu, ya ɗan rusuna, ya miƙa hannu bibbiyu irin na mai shirin tarbar nauyi, sai kwalin ya sauka a tafinsa, hannuwan suka yi sama da kansu saboda ƙarfin da aka tanada bai sami abin yi ba. Kwalin ya yi ƙara, caras. Ya ce, "Direba, sauran fa?" Direba ya ce, "Sauran me, Alhaji?" Magidancin bai amsa ba. Ya zagaya bayan motar ya tsaya a tsakiyar titi, kwali a ƙirji, ya ɗora hannu a goshi yana hangen hanyar Gumel. Leburori suka taso suka tsaya a bayansa, su ma suna hange. Masu amalanke suka matso da shanu. Babu kowa a hanyar sai wani mai keke, kuma duk suka zuba masa ido har ya iso, har ya yi sallama, har ya wuce.

Kashi na biyu, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi, suna cewa lokacin buɗewa ne. Magini ne ya karɓi kwalin, ya yanka salatif da bakin cokalin gininsa, ya sa yatsa biyu ya ɗauko ja guda ɗaya. Ya ɗaga shi sama saitin rana. Ya juya shi. Ya hura ramin ƙasansa. Sannan, da yake mutum ne mai mutunta sana'arsa, ya ƙwanƙwasa shi da cokalin kamar yadda ake gwada bulo, ya kai kunne. Ba wanda ya yi tari. Fasinjojin motar da ke ta yi wa direba ƙorafin jinkiri suka yi tsit, wata tsohuwa ta ce a sauke mata gilashi. Magini ya dubi mai gida ya ce, "Maigida, bugun dai ya yi kyau." Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa, "Ta ina za mu fara?"

Duk wannan a gaban suruki aka yi, wanda ya zo da babbar riga. Kunya ta hana shi dariya, kunya ta hana shi tafiya. Da aka miƙa masa ƙwaya ɗaya shuɗiya, sai ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya sa albarka, ya rasa inda zai ajiye, ya jefa a aljihu.

Shawarwari suka biyo baya, kamar yadda aka saba. Mai shayi ya ce wannan samfur ne, manyan kamfanoni haka suke yi, tirela tana tafe, a ƙara shayi a jira. Wani ya ce a kai Maigatari ranar Alhamis a sayar wa mutanen Nijar da sefa. Wani malamin firamare ya karɓi ƙwaya ɗaya ya auna, ya yi lissafi a bayan kwalin, ya sanar cewa bulon siminti mai inci tara guda ɗaya zai ci irin wannan sama da 4,600, don haka abin da ke hannu bai kai rubu'in bulo ɗaya ba. Lissafinsa daidai ne. Don ya kwantar wa magidancin hankali, ya ƙara da cewa masana lissafi a Denmak sun gano guda shida kacal ana iya harhaɗa su ta hanya fiye da miliyan 915. Wannan ma gaskiya ne, sai dai babu katanga a cikin hanyoyin.

Amma shawarar da ta fi kowacce ta fito ne daga wani dattijo da ke zaune kan buzu tun safe, bai ce uffan ba sai da kowa ya gama. Ya yafito magidancin da hannu.

"Zo nan, ɗana. Kada ka tayar da hankalinka. Jiƙa shi za ka yi."

"Jiƙawa, Baba?"

"Jiƙawa. Kayan Turawa duk haka suke zuwa, a ƙanƙance, saboda kuɗin jirgi. Madara ma ba gari take zuwa ba? Ka sami babban baho, ka zuba ruwa mai ɗumi, ka jefa 'yar kanwa, ka rufe da faifai ya kwana. Amma ka fitar da shi tsakar gida, kada ya tashi cikin dare ya tsage maka ɗaki."

Ya kuma yi gargaɗin a raba launukan, don ja ya fi saurin kumbura. Da malamin firamare ya ce roba ba ta shan ruwa, sai dattijon ya tambaye shi ko ya taɓa jiƙawa. Malam ya ce a'a. Dattijo ya ce, "To."

An sallami magini da kuɗin yininsa cif, leburori ma haka, shanu suka koma da amalanke wayam. A daren nan gidan ya kwana a buɗe, ba danga ba katanga, awakin maƙwabta suna shiga suna fita.

Sayar da bulon wasa ya fi sayensa wuya. Mai kayan asali ba ya karɓar abin da aka buɗe, kuma da gaskiyarsa, tunda abin da ya tallata shi ya aiko. Sai dai mutum ya ɗauki nasa hoton ya sa a kasuwa. Masu saye na gaske suna tambayar ko dubun ta cika, ita kuwa ba ta cika, domin yaran gida sun gano amfanin kayan tun kafin manya su gama jimami, wasu ƙwayoyin sun bi rariya, ɗaya tana aljihun suruki inda ba mai iya tambayarta. Wata kuma mai gidan ya same ta da asuba, da tafin ƙafarsa, a hanyar zuwa alwala, inda ya tabbatar da maganar mai kaya cewa ko an taka ba ta fashewa. Da magidancin ya sa nasa tallan, daga Gagarawa wani ya rubuto yana tambaya ko dubu ɗaya za ta isa ciki da falo, ko sai ya ƙara. An ce magidancin ya daɗe yana kallon saƙon kafin tsoron Allah ya rinjaya.

Dattijon kuwa bai saki maganarsa ba. Da safe ya biyo ta gidan, kuma da yake babu danga bai sha wahalar leƙawa ba. Ya tarar da baho a tsakar gida an rufe da faifai. Ya ɗaga, ya tsoma yatsa, ya girgiza kai.

"Ruwan ne bai yi ɗumi ba," in ji shi.