Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Baƙuwar Damtse

Zuwa ga Na'urar Auna Sukari,
Bayan Damtse, Daura da Hammata.

Na'urar auna sukari ta jiki 'yar aba ce mai faɗin murfin gorar ruwa, da ake liƙawa a bayan damtse ko a fatar ciki. A ƙasanta akwai siririn zare, tsawonsa kamar milimita 5, wanda ke shiga ƙarƙashin fata. A yawancinsu an shafe zaren da sinadarin da in ya haɗu da sukari yake haifar da 'yar wutar lantarki, kuma ƙarfin wutar ne ake juyawa ya zama lambar da ke fitowa a waya. Irinta ta farko, ta kamfanin MiniMed, ta sami izinin hukumar abinci da magunguna ta Amurka a 1999, FreeStyle Libre ta Abbott kuma ta shiga kasuwar Turai a 2014. Ba a musa alherinta ba: ta sauƙaƙa wa masu ciwon sukari huda yatsa, tana kuma gadi da dare sa'ad da kowa ya yi barci. Sai dai baƙon da zai kwana 10 ko 14 a jikin mutum, dole a san halinsa. Ga halayen nan a jere, kowanne da maganinsa, domin ta ji, masu ɗauke da ita ma su ji.

Na farko, jan aji. Ba ta magana da zarar ta sauka. Dexcom G7 takan yi shiru na minti 30, Libre awa ɗaya, G6 kuwa awa biyu cur. Ko bayan ta buɗe baki, maganarta ta ranar farko kan yi tangaɗi, domin naman da zaren ya huda bai gama lafawa ba. Maganin wannan haƙuri ne, da tabbatar da duk lambar da ta ba da mamaki ta hanyar huda yatsa.

Na biyu, wanda shi ne uban sauran, ji-ta-ji-ta. Na'urar ba ta taɓa ganin jini ba. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama take ɗanɗanawa, sukari kuwa sai ya fito daga jijiya kafin ya iso wurin, tafiyar da kan ci minti 5 zuwa 15. In sukari na zaune lafiya, labarinta da na jini ɗaya ne. In yana gudu, kamar bayan malmalar tuwo, ko bayan allurar insulin, ko tsakiyar aikin ƙarfi, to labarin ɗazu take bayarwa da muryar yanzu. Shi ya sa aka ajiye kibiya kusa da lamba: 100 mai kibiya a kwance daban, 100 mai kibiya a tsaye tana kallon ƙasa daban. Wanda ya karanta lamba ya bar kibiya ya ji rabin zance.

Na uku, ihu da tsakar dare. In mai ita ya juya cikin barci ya danne damtsen, zagayawar jini a wurin kan ragu, sai ta rantse sukari ya faɗi, ta tashi gida da maƙwabta. Alamar wannan ƙarya ita ce layin da ya rufta farat ɗaya, ya kuma miƙe da kansa bayan an gyara kwanciya. Duk da haka ba a ƙaryata ta da ka. Yatsa ake hudawa. Nan gaba kuma a sauke ta a hannun da ba a kwanciya a kai.

Na huɗu, tafiya ba sallama. Gam ɗinta ba ya shiri da gumi, ba ya shiri da man shafawa, balle basilin na lokacin hunturu. Bakin ƙofa, hannun riga da matsin A-daidaita-sahu duk sun sha raba ta da masauki. Kafin a liƙa ta, a wanke wurin da sabulu marar mai, a goge da sifirit, a bari ya bushe ƙayau. Mai yawan gumi ya ƙara filasta a kewayenta. Tana jure wanka, Libre ma an ƙayyade mata zurfin mita ɗaya na minti 30, alwala kuwa ba ta kai unguwarsu. Amma in zaren ya fita, ya fita ke nan. Ba a yi mata kome.

Na biyar, raki da zafi. An rubuta a ajiye Libre tsakanin digiri 4 da 25 kafin amfani, a jiki kuma tana aiki har zuwa 45. Wanda ya san Afirilun Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram ya san ba a yi shawara da shi ba. Kada a bar kwalinta a cikin mota ko a jikin taga. A nema mata wuri mafi sanyi, ko firiji, ban da ɓangaren ƙanƙara. A kuma duba ranar lalacewarta tun a kanti.

Na shida, gaba da waya. Ta Bluetooth suke gaisawa, kuma G6 ba ta jin kira in tazara ta wuce mita 6. Bango, ruwa da jikin mutum kansa duk suna shiga tsakani, haka ma tsarin tattalin caji da ke rufe manhaja a ɓoye. Sulhun ba wuya: a matso da waya, a kashe Bluetooth a kunna, a bar manhaja a buɗe. Tsohuwar Libre da ake kara wa waya tana riƙe labarin awa 8 ne kawai. Abin da ya wuce haka ta manta.

Na bakwai, maye. Wasu magunguna kan sa ta ƙara gishiri. Bitamin C fiye da miligiram 500 a rana na iya ɗaga lambar Libre 2. Hydroxyurea, wanda masu sikila da dama ke sha, yana ɗaga ta Dexcom. Farasitamol ya addabi tsofaffin samfura, G6 kuwa tana jure giram ɗaya duk awa 6. Haɗarin a fili yake: lamba ta yi sama, jini yana ƙasa, mutum ya ƙara insulin a kan ƙarya. Likita ya san duk abin da ake sha.

Na takwas, ƙaiƙayi. Wasu fatun ba sa ɗaukar sinadaran gam, sai ja da ƙuraje. A riƙa sauya masauki kowane zuwa. In wurin ya yi ruwa ko ya kumbura, a cire ta a nufi asibiti.

Akwai kuma laifin da ake ɗora mata alhali ba nata ba ne. Wata tana lissafi da mg/dL, wata da mmol/L, tsakaninsu ninki 18 ne. Mai 126 da mai 7 ba su da abin gardama, sukarinsu ɗaya.

Hukunci dai guda ne a kan duka. Duk sa'ad da maganarta ta saɓa wa abin da jiki ke faɗa, kamar rawar hannu, jiri ko gumi mai sanyi alhali tana cewa lafiya lau, mitar yatsa ce alƙali, bayan an wanke hannu, domin ɗan zaƙin dabino a yatsa ya isa ya ɓata shari'ar. In sukari ya gaza 70 mg/dL, a sha abu mai zaƙi na kimanin giram 15, a sake gwadawa bayan minti 15. Mai azumi ma shawarar likitoci ita ce ya karya, haka kuma in ya haura 300. Saboda haka ana sanar da Na'ura cewa an bar mata muƙaminta na mai kawo labari, tare da godiya. Kujerar alƙali kuwa tana nan wurin ɗigon jini, domin gani ya kori ji.

Wassalam,
Masu damtsen da take haya.