Zuwa ga Taubashiyata Mai Ɓoyon Sirrin Yaji

Baiwata!  

Albishirinki! Na fara sana'a a nan Manchester, ina yin alkaki, cincin da kantun riɗi, ina kaiwa kasuwar Asabar. Sai dai a Ingila ba a wayar gari a aza talla. Dole ki yi rajista da ƙaramar hukuma kwana 28 kafin ki fara, kyauta, sannan jami'i ya zo duba kicin ya ba da maki daga 0 zuwa 5. Da kicin ɗinki zai shiga, kazar nan taki mai kwana bayan murhu ita za ta fara tarbarsa.

Babban aikin shi ne takardar da ake mannawa a leda. Duk abin da kika ƙulla kafin mai saye ya iso, sai kin rubuta sunansa da kayan haɗinsa kaf, mafi yawa a gaba. Akwai abubuwa 14 da jikin wasu ba ya ɗauka, su kuma da baƙi mai kauri ake rubuta su: gyaɗa, riɗi, alkama, madara, ƙwai, waken suya da sauransu. Ki duba, rabin abin da ke farantinmu na sallah ke nan!

Kada ki ce iyayi ne irin na Turawa. A 2016 wata yarinya mai shekara 15, Natasha, ta ci burodi mai riɗi a ciki, babu gargaɗi a jikin ledar, ta rasu. Iyayenta ba su zauna ba sai da aka yi doka da sunanta, ta fara aiki a Oktoban 2021. Wallahi duk ledar kantun da zan ƙulla sai yarinyar nan ta faɗo mini a rai.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Masu saye sun dame ni da neman yaji, kuma naki nake so in daka. Na san akwai ƙuli-ƙuli a ciki, gyaɗa ce tsagwaronta, dole ta hau takarda. Saura me? Shekara da shekaru kina rufe ƙofa in za ki yi daka, yau ga hukumar Ingila ta biyo ki har Fagge. Kwantar da hankalinki, ba mudu nawa ko cokali nawa nake tambaya ba, sunaye kawai. Amma kada ki rage ko kanumfari ɗaya.

Kilishi kuwa kada ki aiko, ba a shigowa da nama daga gida, a filin jirgi za a ƙwace.

Uwargijiyarki, in kin ƙi in kin so.