Gizo da Harajin Kasuwar Gindin Kuka

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wai a wani daji mai nisa akwai wata kasuwa da ke ci ranar Laraba, a gindin wata tsohuwar kuka dab da bakin kogi. Namun daji da na gida duk nan suke haɗuwa. Biri na kawo tsamiya da ɗinya, Kurege na kasa gyaɗa, Tururuwa na awon gero, Inna Akuya na da rumfar fura da nono, Jimina kuma na taho da gishiri da kanwa daga can arewa. Zaki ne sarkin ƙasar.

Tun kaka da kakanni, duk wanda ya kasa kaya yakan zuba dintsi ɗaya a rumbun sarki. Da abin da ya taru ake sallamar Giwa ta share hanya, Gafiya ta yashe rijiya, Ɓauna ta yi gadi, Dorina ta yi fito. Ba mai zuba dintsin nan yana murmushi, amma gunagunin ba ya nisa, don kowa na shan ruwan rijiyar.

Ana nan, ana nan, sai tsufa ya kama Zaki, zagayen kasuwa ya gagare shi. Ya kira Kura ya naɗa ta sarkin kasuwa, ya danƙa mata mabuɗin rumbu. Malam Dila ya ji labari, ya girgiza kai ya ce, "An ba kura ajiyar nama."

Laraba ta farko Kura ta karɓi dintsi ɗaya. Ta biyu ta ce biyu ne. Kafin damina ta faɗi ta ƙirƙiro kuɗin inuwa, da kuɗin ƙaho, da kuɗin wutsiya, da kuɗin shara alhali ba mai share komai. Ta ƙirga 'ya'yan Inna Akuya ta yanka musu jangali, har da wanda ke ciki. Bushiya ta zo sayen kanwa, aka ce kowace ƙaya da kuɗinta. 'Ya'yan Kura suka tsare ƙofofin kasuwa huɗu, kowa da ƙwaryarsa, wanda ya biya a ƙofar gabas sai ya sake biya a ta yamma. In suna karɓa sai su riƙa rerawa:

Zuba, zuba, mai kaya,
Rumbun sarki ba ya cika.
In ka ce ina ya tafi,
Tambayar ma da kuɗinta.

Rumbu dai bai cika ba, cikin Kura ne ya cika. Gafiya ta daina yasa don ba a sallame ta ba, rijiya ta koma laka. Giwa ta bar hanya, sarƙaƙiya ta rufe ta.

Sai dabbobi suka yi taro da dare a bayan gari. Inna Akuya ta fara magana ta ce, "Jama'a, ni ban ƙi biya ba. Amma a nuna mini abu ɗaya da aka yi da gumina."

Giwa ta ce, "Maganin abin shi ne a yi kuɗin kai. Kowane rai dintsi ɗaya, babba da yaro."

Tururuwa suka yi caa, suka ce, "Mu da muke dubu a rami ɗaya? A'a, a ɗora kowa a ma'auni, ya biya gwargwadon nauyinsa."

Giwa ta ce ba da ita ba. Raƙumin dawa ya ce a ɗora wa masu gajeren wuya, tunda su ne ba sa hango ɓarawo, su ke bukatar gadi. Aka juya ga Jemage, ya ce shi tsuntsu ne, harajin dabbobi bai hau kansa ba. Tsuntsaye suka ce to ya biya nasu, ya buɗe baki ya nuna haƙora ya ce, "Kun taɓa ganin tsuntsu da waɗannan?" Har asuba abu biyu kawai aka yarda da su: lalle a gyara rijiya da hanya, kuma maƙwabci ne ya kamata ya biya.

Nan Gizo ya sauko daga reshe, ya yi gyaran murya ya ce, "'Yan'uwa, kuna ta jayayya a kan wanda za a yanka, ba ku tambayi dalilin yankan ba. Wa ya koya wa Kurege noman gyaɗa, sarki? Wa ya nuna wa Jimina hanyar gishiri, Kura? Mai kaya ya san kayansa, mai saye ya san aljihunsa. Ku kori mai karɓa, ku rufe rumbu, kasuwa za ta riƙe kanta."

Maganar ta shiga kunnen kowa. Da gari ya waye suka yi gayya suka fatattaki Kura da 'ya'yanta, suka toshe bakin rumbu da ƙaya. Zaki ya ga taron ya fi ƙarfinsa, ya ce, "Abin da kuka zaɓa, shi za ku gani."

Da farko abin ya yi daɗi ƙwarai. Labari ya bazu cewa a Gindin Kuka ba a karɓar ko ƙwaya, sai fatake suka riƙa ɓullowa ta ko'ina. Zabi suka kawo ƙwai, Ƙudan zuma suka kawo saƙa, Agwagwa ta zo da kifi. Masu gyaɗa suka zama biyar, kowa na rage kuɗi don ya ja mai saye, har Bushiya ta ci ta ƙoshi. Aka riƙa yi wa Gizo kirari ana ɗaga shi sama.

Shi kuwa Gizo ya koma gida ya ce wa matarsa, "Ƙoƙi, sassaƙo mini mudu biyu, babba da ƙarami."

Ta ce, "Maigida, me za ka yi da biyu?"

Ya ce, "Babban na saye ne, ƙaramin na sayarwa. Tunda ba mai duba mudu, wa zai sani?"

Da kaka ta yi, Gizo ya bi Tururuwa rami rami ya saye geronsu da babban mudu, ya tura a kogon kuka ya liƙe. Bai buɗe ba sai da bazara ta yi tsanani, sannan ya fito da ƙaramin mudu, ya ninka kuɗin sau uku. Dorina ta duba ta ga ita kaɗai ke iya fito, ta ce daga yau rabin kaya ne ladanta, wanda bai yarda ba ya yi iyo. Rijiya kuwa kowa ya zo sai ya leƙa ya ce, "Kai, ya kamata wani ya yashe ta," ya wuce. Kura da aka kora ba ta yi nisa ba. Ta sami inda hanya ta ƙuntata ta gindaya itace, ta zauna da 'ya'yanta. Da tana karɓar dintsi da sunan sarki, yanzu tana ƙwace kaya duka da sunan kanta, wani lokaci har da mai kayan. Jimina ta daina zuwa, gishiri ya ɓace.

Yunwa ta sa aka sake taro. Biri ya hau kututture ya ce, "Gizo ya yaudare mu! Kasuwa ba ta da tausayi. Sarki ya karɓe ta gaba ɗaya, shi zai faɗi kuɗin kowane kaya, wanda ya ƙara ko ƙwaya a ɗaure shi." Waɗanda suka yi wa Gizo kirari jiya su suka fi kowa ɗaga murya yau.

Zaki ya sa Hankaka ya yi shela: mudun gero wuri biyar, ƙwaryar nono wuri biyu, ba ƙari. Aka yi ta guɗa. Laraba ta zagayo, masu saye suka cika kasuwa maƙil, rumfuna kuwa wayam. Inna Akuya ta lissafa ta ga dusar da take ci ta fi wuri biyu, ta bar nononta ga 'ya'yanta. Kurege ya ce ba zai yi noman asara ba, ya binne gyaɗarsa. Gero kuwa akwai shi, amma sai da tsakar dare a bayan suri, wurin Gizo, a kan wuri talatin. Dogaran da aka aika su kama shi, da mudu ɗaya ɗaya ya sallame su.

Da abin ya kai intaha, Zaki ya tara kowa a fada ya ce, "Na sa mai karɓa kun koka, na janye kun koka, na yanka farashi kun koka. Me kuke so?"

Aka yi tsit. Can sai Baba Kunkuru, wanda ya girmi kukar kasuwar, ya miƙo wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini."

Zaki ya ce, "Faɗi, dattijo."

Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, akwai abin da kasuwa ta fi fada iyawa. Ba ka san wahalar tatsar nono ba, don haka bar Akuya da mai saye su daidaita. Akwai kuma abin da kasuwa ba za ta taɓa yi wa kanta ba, don na kowa ne, kuma abin kowa ba mai ɗauka shi kaɗai. Guda huɗu ne: rijiya, hanya, gadi, da mudu na gaskiya. Waɗannan naka ne, kuma ba sa yiwuwa sai da dintsin nan. Laifin da aka yi tun farko, an bar mai karɓa shi ne mai ajiya, shi ne kuma mai lissafi."

Malam Dila ya ce, "To Baba, yaya za a yi?"

Kunkuru ya ce, "Haraji ya zama ɗaya, a ƙofa ɗaya. Mai kaya da yawa ya zuba da yawa, wanda kayansa bai kai mudu ba ya wuce. A cire ƙofar rumbu, kowa ya riƙa ganin cikinsa. Tururuwa su ƙirga abin da ya shiga, Hankaka ya faɗa a tsakiyar kasuwa kowace Laraba, ya faɗi kuma inda ya tafi. In damina ta faɗi ba a yashe rijiya ba, a tuɓe mai riƙon rumbu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Giwa ta yi ɗan gunaguni don nata ya fi yawa, amma da ta tuna ita ta fi kowa shan ruwa sai ta yi shiru. Aka sassaƙa mudu ɗaya, Zaki ya buga masa tambarin daginsa. Ɓauna ta koma gadi, ta watsa shingen Kura. Aka ba Kada izinin fito shi ma, nan da nan Dorina ta sauko da ladanta. Jemage aka ce ya zaɓi layi ɗaya ko ya bar shan ruwan rijiya, kunya ta sa har yau ba ya fitowa sai dare.

Gizo kuwa aka kawo shi gaban sarki da mudunsa biyu. Ya faɗi ya ce, "Yanka ya daɗe, kuskuyen masassaƙi ne!" Zaki ya yanke hukunci a auna masa bashin da yake bi da ƙaramin mudu, wanda ake binsa kuma da babban. Kafin la'asar kogon kuka ya zama fanko, Gizo ya haye rufin ɗaki ya maƙale a lungu, inda yake har gobe.

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don Gizo ba, da na yi ƙarya.

Mai karatu, wannan kasuwa ba baƙuwarmu ba ce. Iyayenmu sun sha haraji da jangali tun zamanin En'e, har kukan talaka a kansu ya zama jigon gwagwarmayar Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU. Da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan hawansu mulki a 1979, an yi murna, domin mutane sun daɗe suna biya ba sa ganin abin da aka yi musu. A 2020 an ɗaga harajin kayan masarufi na VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, a 2023 kuma aka cire tallafin man fetur aka bar farashi a hannun kasuwa, kuma kowane karo tambayar Inna Akuya ce ke fitowa daga bakin jama'a. Hukumar da ke son a biya ta da daɗin rai, ta buɗe rumbu a ga lissafi. Kai kuma da ke biya, karɓi rasit ɗinka, ka tambayi kansila da ɗan majalisarka inda kuɗin ya shiga, domin haƙƙinka ne.