Ƙarfen Azare ba na harbi ba ne

A Amurka akwai masu yanka tsohon ƙarfe su rataye shi a fili, su ja da baya su dinga ɗirka masa harsashi, wai don gyaran hannu da daɗin jin ƙara. Wanda ya kawo wannan dabara Azare, kafin ya gama auna bara ɗan gwangwan ya ɗora farantin a sikeli yana tambayar nawa za a bari. A ƙasar Katagum ƙarfe ba ya ritaya. Sifirin mota adda yake komawa a hannun maƙeri, tsohuwar ganga ta zama murhu. Harbin abin da zai iya noma gona kuwa sai wanda abinci ya yi wa yawa.

Za a ce ai mafarauci na buƙatar atisaye, kuma kayan bola sun fi araha. Haka ne, sai dai Amurkawan da suka san kan abin ba sa yarda da kowane tarkace. Ƙarfe mai tauri da ake kira AR500 suke saye, su karkatar da fuskarsa ƙasa don harsashi ya tarwatse a turɓaya. Mai laushi lotsawa yake yi, ramin kuma kan maido wa maharbi ɓarɓashin harsashinsa, arahar ta ƙare a gadon asibiti. A nan gida kuma ga Dokar Makamai ta 1959 da ke tambayar lasisi tun kafin a zo maganar saiti. Malam, kai wa maƙeri ƙarfen nan, garma ake nema.