Sannunku da Ƙoƙari, Kamfanonin Inshorar Lafiya

Wanda ya yi abin yabo a yaba masa tun yana raye. Shi ya sa yau zan jinjina wa kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu, waɗanda ake kira HMO, bayin Allah da suka gano yadda ake karɓar kuɗin mutum yana garau, a kuma koya masa haƙuri ranar da ciwo ya kayar da shi. Ranku ya daɗe, sannunku da aiki.

A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita, inda ake sayar da gona da kayan ɗakin mace saboda tiyata ɗaya, duk wanda ya zo ya ce "kawo kaɗan-kaɗan, ranar ciwo ni zan tsaya maka" ya isa a shimfiɗa masa darduma. Kun zo, kun faɗa, mun gaskata. Gwamnati ma ta gaskata. Tun da aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka ƙaddamar da shirin a 2005 zamanin Obasanjo, ku aka zaunar a tsakanin mai biya da asibiti. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Ina ɗan kasuwar da ya taɓa samun irin wannan gata, a ce doka ce take koro masa masu saye?

Takardar tallarku kaɗai abin kallo ce. Ga hoton magidanci da matarsa da yara biyu, kowa na dariya, babu mai ko mura. Ga tsari hawa-hawa, na tagulla, na azurfa, na zinariya, domin kada talaka ya manta matsayinsa ko a gadon asibiti. Abin da za ku biya kun rubuta shi da manyan baƙaƙe. Abin da ba za ku biya ba kuwa, saboda kunya da kawaici irin naku, kun kai shi can shafukan ƙarshe, da ƙananan haruffa, cikin Turancin lauyoyi. Madalla da wannan tarbiyya. Ai ba a fara gaya wa baƙo mugun labari tun daga zaure.

Cikin waɗancan shafuka ne hikimarku take. Akwai lokacin jira: mutum ya biya kuɗin shekara cif, amma tiyata sai bayan wasu watanni, haihuwa kuwa a tsare-tsare da yawa sai an shekara. Ciki wata tara, jira wata goma sha biyu. Wannan lissafi ya fi ƙarfin ungozoma. Akwai kuma batun ciwon da mutum ya zo da shi. Mai hawan jini, mai ciwon suga, yaron da aka haifa da sikila a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, duk kun dube su da idon basira kun gane cewa waɗannan, idan aka sake musu, asibiti za su riƙa zuwa. To ina amfanin inshorar lafiya ga marar lafiya? Sai ku cire ciwon gaba ɗaya, ko ku jinkirta shi, ko ku yanka masa ɗan kuɗin da ba zai kai watan Rajab ba in an fara daga Muharram.

Mutanen Gashuwa da Nguru da Haɗeja, da ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗauke musu magidanta da matasa, su ma suna gaisuwa. Mai wankin ƙoda yana bukatar ya hau inji sau biyu ko uku a mako, har iyakar rayuwarsa ko har a yi masa dashe. Ku kuwa, in kun yi karamci, sai ku ɗauki nauyin 'yan wanki kaɗan a shekara, sauran makonnin ku bar bawa da Ubangijinsa. Ciwon daji ma haka. Wa ya kai ku koyar da tawakkali?

Kada in manta da gyaran da kuka yi wa iyali. Tsarin iyali a wurinku miji ne da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Mai mata biyu da 'ya'ya tara sai ya zauna ya zaɓi wadda aka yarda ta yi ciwo, da yaran da aka yarda su yi zazzaɓi, ko ya ƙaro kuɗi a kan kowane kai. Maraya ɗan ƙaninsa da yake riƙo ba ya cikin lissafi. Gyatuma kuwa, wadda ta fi kowa a gidan bukatar likita, an ce shekarunta sun wuce ƙa'ida. Kun huta da tsofaffi, Allah ya ba ku tsawon rai ku ma ku kai shekarunsu.

Amma duk cikin ayyukanku babu wanda ya kai lambar amincewa. Likita ya yi shekara shida a jami'a, ya yi horo, ya duba majinyaci da idonsa, ya taɓa cikin da hannunsa, ya ce a yi hoto yanzu, a shiga tiyata yau. Sai a ce tukuna, a jira lamba. Daga ina? Daga wani ofis mai sanyi a Legas ko Abuja, wurin wanda bai taɓa ganin majinyacin ba. A kira, waya na ta ringin. A tura saƙo, a ce intanet ba ƙarfi. Mai naƙuda na murƙususu a kan benci, mijinta na zagaye da katin inshora a hannu, wanda ya zo bayansu da kuɗi a aljihu har an ba shi gado an ɗaura masa ruwa. Lambar nan ta yi suna har sai da hukumar NHIA ta ba da umarni a 2025 cewa kada fitar da ita ya wuce awa ɗaya. Ku duba girman da kuka samu: gwamnatin tarayya da kanta ce take roƙon ku ɗaga waya.

In an tsallake wannan sai ɗakin magani. Tun da darajar naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK kuma ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya a 2023, kuɗin abin shaƙa na masu asma da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ya yi tashin gwauron zabi. Ku kuma kuka tsaya a kan tsohon farashi kamar yadda dattijo ke tsayawa a kan maganarsa. Sai mai ba da magani ya dubi kati, ya dubi takardar likita, ya miƙo farasitamol ya ce sauran babu, a je kemis a saya. Asibitin ma ba laifinsa ba ne kacokan, yana bin ku bashin watanni. Uwar adashi da take karɓar zubi kan lokaci, ranar kwasa kuma ta ce sai an kawo shaidu, a unguwarmu suna gare ta marar daɗi. Ku kuwa ana kiran ku masu ruwa da tsaki.

Farfesa Usman Yusuf, da ya shugabanci hukumar inshorar lafiya ta ƙasa daga 2016, ya fito fili ya zarge ku da riƙe kuɗin asibitoci. An dakatar da shi a 2017 bisa zarge-zargen da aka yi masa shi ma, aka mayar da shi a 2018, aka sallame shi a 2019. Shi ya tafi, ku kuna nan daram. Kuma a faɗi gaskiya, zazzaɓin cizon sauro da taifot kuna biya ba gardama, wato ciwon da mutum zai iya biya da kansa.

Yanzu na ajiye yabo, ɗan'uwa mai karatu, da kai nake. Haɗa kuɗi don a ɗauki nauyin wanda ciwo ya kayar taimakekeniya ce, kuma muna bukatarta matuƙa, shi ya sa abin yake ƙona rai. Kafin ka biya ko sisi, ka ce a ba ka jerin abin da ba a biya, a rubuce, ka kai wa wanda ya iya karatu ya fassara maka. Ka tambayi iyakar kuɗin da za su kashe maka a shekara, da na tiyata, da na haihuwa, da watannin jira. Ciwon da kake da shi ka faɗe shi tun farko, su rubuta maka matsayinsa. Ka taka da ƙafarka zuwa asibitin da suka ce naka ne, ka tambayi masu karɓar kuɗi ko kamfanin yana biyansu. Ka kwatanta da shirin jiharku, irin KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna. In kuma an riga an hana ka haƙƙinka, kada ka ce ka bar wa Allah ka koma gida: ka adana takardunka, ka rubuta ƙorafi, ka kai ofishin NHIA na jiharku.