Ana So, Ana Kaiwa Bakin Iyaka

A shekarar 1924 majalisar dokokin Amurka ta ja ƙofar ƙasar ta rufe. Mutanen Asiya aka ce kada su ƙara shigowa, na kudanci da gabashin Turai kuma aka yanka musu ɗan adadi a shekara. Da aka zo kan maƙwabciya Meksiko, sai aka bar ƙofar baya a buɗe, domin masu gandayen auduga na Teksas da masu gonakin latas da inabi na Kalifoniya sun tsaya kai da fata sai an bar ta haka.

Abin ya ɓata wa wani ɗan majalisa daga gabashin Teksas rai, ana ce masa John Box. Daga 1926 ya dinga kawo ƙudiri a ƙayyade 'yan Meksiko su ma. A cewarsa baƙon yana karya kuɗin ƙwadago, yana kawo cuta, kuma zai gurɓata jinin ƙasa. Nan da nan manyan manoma suka yi ayari zuwa Washington don su kare baƙon. Wanda ya hango su daga nesa zai ce bawan Allah ya sami gata, amma sai ka matso ka ji kariyar. Cewa suka yi ai ɗan Meksiko tamkar tantabara yake, da an gama girbi gida yake komawa. Suka ƙara da cewa in an hana shi zuwa, dole a ɗebo 'yan Filifin ko 'yan Fotoriko, su kuwa a ƙarƙashin tutar Amurka suke, ba dama a kore su. Ashe darajarsa a idonsu ita ce ana iya tasa ƙeyarsa ranar da aka ga dama. Aka yi shekaru ana wannan gardama, mai ƙinsa na rena shi, mai sonsa na rena shi, shi kuwa yana can duƙe a kan kunya, ba wanda ya ce masa me ka gani.

Manoma suka yi nasara, ƙudirin Box ya mutu. Ba a jima ba tattalin arziki ya karye a 1929, aiki ya yi wuya, sai ga baƙon jiya ya zama shi ne ya cinye abincin 'yan gida. Aka cika jiragen ƙasa daga Los Angeles da wasu birane, aka kwashe dubban ɗaruruwa zuwa Meksiko, da yawansu yara ne da aka haifa a Amurka, 'yan ƙasa ne a doka. Masu gandun da suka je Washington ba a ji sun sake yin ayari ba.

Da yaƙin duniya na biyu ya kwashe samari, amfanin gona ya nuna ba mai girba, sai aka tuna da maƙwabci. A 1942 aka ƙulla yarjejeniyar da ake kira Bracero, wadda ta kai har 1964, aka rubuta kwantiragi sama da miliyan 4. A bakin iyaka ana tuɓe mutum a fesa masa DDT, a duba tafin hannunsa a ga ko akwai kanta, sannan a miƙa masa fartanya mai gajeriyar ƙota da zai wuni da ita a sunkuye. A shekarun farko ana cire kashi 10 cikin 100 na ladansa da sunan ajiya, kuma da yawa sun tsufa sun mutu ba su ga ajiyar ba. A 1948 wani jirgin sama da ke mayar da ma'aikata gida ya faɗi a Kalifoniya. Jaridu suka jera sunayen matuƙa, 'yan Meksiko 28 kuwa aka haɗa su a kabari ɗaya, sai a 2013 aka kafa dutse mai ɗauke da sunayensu. A 1954 aka sake wata korar ta gayya, har gwamnati na alfaharin ta fitar da fiye da mutum miliyan 1, alhali a shekarun nan akan kai wanda aka kama bakin iyaka ya taka ƙasar Meksiko da ƙafa ɗaya, a ba shi takarda, a mayar da shi gona.

Wannan dai labarin mutanen ƙetaren teku ne, a wani zamani da ya shuɗe. Mu kam Allah ya kiyashe mu. A ina za a sami mai gonar da zai aika a ɗebo masa 'yan ƙwadago daga nesa da damina, ya kwantar da su a zaure, ya riƙe musu rabin lada sai kaka, ranar taron unguwa kuma ya fi kowa ɗaga murya cewa baƙi sun cika gari? A ina za a sami ɗan takarar da ke rantsuwa a kan mumbari zai tsabtace gari daga 'yan ci-rani, alhali su ne ke masa noma da sassabe da gadin gida? Ni dai ban kama sunan kowa ba. Wanda ya ji zuciyarsa ta buga, ya laluba aljihunsa, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.