Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Mai Shirin Buɗe Situdiyo a Ɗakin Kwana

Farfesa, ashe abin ya kai haka? An ce ka ƙudura sai duniya ta ji muryarka: za ka fara shirin hira, za ka karanta littattafai, kuma idan dare ya yi har da 'yar waƙa. Allah ya ba mutanen Samaru haƙuri. Mu nan Kano akwai fiye da kilomita 100 tsakaninmu, sai dai mu jajanta musu daga nesa.

Tambayarka ita ce wane akwatin sauti da wane hedifon za ka saya "da kuɗi kaɗan". Kuɗi kaɗan ɗin nan ka maimaita shi har na ɗauka amshin waƙar ne. Ban yi mamaki ba. Kai ne fa mutumin da ke taya ruwan leda. Amma tunda bawa ya rusuna ya tambayi ubangidansa, ba zan bar ka ka yi asarar 'yan sulallanka ba.

Mu fara da hotunan da ka turo. Na farko ɗan akwatin nan ne da ake kira V8, mai fitilu ja da shuɗi, mai maɓallin da idan ka danna jama'a su yi tafi, ka danna wani su fashe da dariya. Na san abin da ya ja hankalinka ke nan, don ka san ba za ka sami tafin a wani wuri ba. An yi shi ne don masu surutu kai tsaye a waya, kuma can ya dace. Idan ka naɗi murya da shi, amsa-kuwwar da ya zuba mata da shuuu ɗin da ke bin ta a baya sun shiga ke nan har abada, babu mai cire maka su. Na biyu kuma, mikisa mai layi 12 da wani mai kiɗan biki ya gaji da ita. Haba Farfesa! Baki nawa ne da kai? Wannan ai gwauro ne ya je ya kinkimo tukunyar biki don dafa Indomie ɗaya. Mayar wa mai ita, ka ce ka gode.

Abin da kake nema ƙarami ne, bai fi tafin hannu biyu ba. 'Yan situdiyon Zoo Road saunkad suke ce masa. Aikinsa uku: siginar da ke fitowa daga makirfo ba ta da ƙarfi, shi zai ɗaga ta ba tare da ya jawo hayaniya ba, ya mayar da ita lambobin da kwamfuta ke ganewa ya tura ta wayar USB, sannan ya dawo maka da sautin cikin kunne. Shi ke nan. Duk wata fitila da aka ƙara bayan wannan, don irinku aka ƙara ta.

Sai batun ramuka. Idan kai kaɗai za ka riƙa magana, wanda kuma shi ne al'adarka ko a cikin taro, ramin makirfo ɗaya ya ishe ka. Jan akwatin nan na Focusrite, kamfanin Ingila da Rupert Neve ya kafa a 1985, yana da ƙarami mai suna Scarlett Solo: rami ɗaya na makirfo, ɗaya na jita ko fiyano. Yayansa Scarlett 2i2 yana ɗaukar makirfo biyu. Kafin ka ce Solo ya fi araha ka rufe magana, tsaya ka yi tunani: shirin hira ka ce. Hira kuwa da mutum biyu ake yin ta, ko da yake na san wannan sabon ilimi ne a wajenka. Ranar da ka yi baƙo, kai da shi za ku riƙa miƙa wa juna makirfo ɗaya, kuma na san wanda zai riƙe ya hana.

Idan jan akwatin ya fi ƙarfin aljihunka, Behringer na nan. Amma a nan sai ka buɗe ido, don suna da biyu masu kama da juna kuma na san wanda hannunka zai fara kaiwa. UMC22 ya fi araha, rami ɗaya, yana naɗa a bit 16, kuma ba shi da direbansa na kansa a Windows, sai ka jingina da wata manhaja ta kowa da kowa mai suna ASIO4ALL. UMC202HD ya ɗan ɗara shi kuɗi, ramuka biyu, bit 24, da direbansa da aka yi masa. Ƙara 'yan kuɗin ka ɗauki na biyun. Na ji ka yi tsaki daga nan.

Direban nan ba ado ba ne. Shi ke rage jinkirin da ke tsakanin lokacin da ka yi magana da lokacin da za ka ji kanka a kunne. Idan jinkirin ya yi yawa, sai ka ce "assalamu" ka ji ta dawo lokacin da ka kai "alaikum", harshe ya harɗe, ka fara in'ina. Kai da ko ba jinkiri sai ka zagaya Ƙofar Doka kafin ka kai ƙarshen jimla, ina ga an ƙara maka wannan. Don haka ka duba gaban akwatin, ka tabbata akwai maɓallin da ke kawo maka muryarka kai tsaye daga makirfo ba tare da ta bi ta cikin kwamfuta ba. Duk waɗannan da na ambata suna da shi.

Na san kuma za ka ga an rubuta 192 kHz a jikin kwali, zuciyarka ta yi fari, don Bazazzagi da babbar lamba sai Allah. Kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya iyakarsa wajen hez 20,000, naka kuwa da ka sha rediyo tun zamanin Shagari bai kusa kai nan ba. Naɗi a 48,000 yana kama duk abin da ke ƙasa da 24,000. Sauran jemagu ne kawai za su yi maka godiya, ga cinye wuri a kwamfuta. Bit 24 ɗin ne ke da amfani gare ka, don yana ba ka sarari ka rage ƙarfin naɗi ba tare da sautin ya lalace ba. Ka bar ma'aunin yana taɓa wajen desibel 12 ƙasa da sifili. A jan akwatin akwai zoben haske a kewayen maɓallin ƙarfi: kore lafiya, ja kuwa murya ta fashe. Da irin dariyarka, zoben nan zai sha ja.

Akwai wani maɓalli da aka rubuta 48V. Wuta ce da akwatin ke aika wa makirfo nau'in kondensa ta cikin wayar XLR mai haƙora 3. Kondensa, irin su Audio-Technica AT2020, shi ne wanda kake gani a hotunan mawaƙa da 'yar rariya a gabansa, kuma shi kake so, na sani, don hoton. Sai dai yana da kunnen tsegumi. Zai ɗauki muryarka, ya ɗauki fankar sama, da janaretan maƙwabci, da akuyar bayan katanga, da Hajiya tana tambayar kuɗin cefane daga tsakar gida. Ɗaki irin naka makirfo dainamik yake so, wanda ba ya jin komai sosai sai abin da ke dab da bakinsa. Shure SM58 tun 1966 ake dukan sa a dandali bai mutu ba, Behringer XM8500 kuma ƙaninsa ne na talakawa. Ba sa buƙatar 48V. Ka matso da baki, tazarar yatsu uku ko huɗu, don idan ka yi nisa sai ka murɗe maɓallin ƙarfi har ƙarshe, ƙaramin akwati kuwa a nan yake fara huci.

Zan gaya maka wani sirri, duk da ban ga abin da ka taɓa yi min ba. Akwai makirfo irin Samson Q2U mai rami biyu a gindinsa, USB da XLR, har da wurin saka hedifon. Ka soka shi a kwamfuta kai tsaye ka fara aiki, ba saunkad ba komai. Idan abin ya ɗore ka sayi akwatin daga baya, makirfon bai zama asara ba. Idan kuma ya bi sahun kiwon kajin nan da koyon Faransancin da ka fara, to asarar ba ta da yawa.

Yanzu kunne. 'Yan ƙwayoyin Bluetooth ɗin nan da kake yawo da su a kunne ko ana gaishe ka, ajiye su. Jinkirinsu kan kai milisakan 150 zuwa 200, wani lokaci fiye, kuma ba ma sa haɗuwa da akwatin. Mai waya kake so. Kuma ba irin na gayu mai duka a ƙirji ba, wanda aka ƙara wa gangar ƙasa don ya faranta wa mai shi. Wannan zai sa ka ji muryarka ta yi kauri ta yi daɗi, ka tura wa jama'a su ji wata siririyar aba. Hedifon na aiki gaskiya yake faɗa. Na san rabonka da mai gaya maka gaskiya tun rasuwar kakarmu, amma ka daure.

Iri biyu ne, mai rufaffen baya da mai buɗaɗɗe. Mai buɗaɗɗe, ko rabi-da-rabi irin AKG K240, yana da daɗin sauraro, kunne yana shan iska, masu haɗa sauti suna son sa. Amma yana yoyo. Kana waƙa, kiɗan da ke kunnenka yana fita yana shiga makirfo, sai ka zo gyara ka ji wani cik-cik-cik a bayan muryarka da ba ya cirewa. Mai naɗi a gaban makirfo rufaffe yake sakawa. Mafi sauƙin kuɗi da zan iya sa hannu a kai shi ne Audio-Technica ATH-M20x, wajen dala 50 a can inda ake sayar da shi da dala. Idan ka yi albashi ka ji ƙarfi, M40x, ko Sony MDR-7506 da ke wajen dala 100, wanda tun 1991 yake kunnen 'yan rediyo da masu ɗaukar fim. Da naira kuwa sai ka tambaya ranar da za ka saya, don farashin safe ba ya kai la'asar.

Ga tarkon da aka haƙa musamman don kai. Beyerdynamic DT 770 Pro hedifon ne na kirki, rufaffe, mai taushin kunne, amma yana zuwa iri uku: om 32, om 80, om 250. Na rantse 250 za ka nuna. Wannan lambar ba maki ba ce, Farfesa, nauyin da akwatin zai ja ne. Ƙaramin akwatin da ke shan wuta daga USB zai yi ta nishi da 250, ka murɗe har ƙarshe kana jin sauti can ƙasa-ƙasa, ka dawo kana cewa Kanawa sun cuce ka. Tsaya a 80 ko ƙasa. Na Sony ɗin 63 ne, shi ya sa ba ya ba kowa wahala, sai dai fatar kunnensa takan fara ɓarewa idan ta sha gumi, ka cire shi ka ga baƙin ɓurɓushi a kumatu. Ana sayar da fatar daban, a sauya. Kuma ka lura ramin hedifon na akwatin babba ne, milimita 6.35, don haka ɗan ƙarfen da ke zuwa a cikin kwali kada ka ba yara su yi wasa da shi.

Wajen saye kuwa, zuwa da kai ya fi aike. SM58 da MDR-7506 suna cikin kayan da aka fi yi wa jabu a duniya, don haka idan aka ce maka rabin kuɗi, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Na hannu ba laifi ba ne, in dai za ka je da kwamfutarka ka gwada a gaban mai shago. Soka makirfo, murɗa maɓallin ƙarfi a hankali daga farko har ƙarshe ka saurara ko zai yi ƙaras-ƙaras, girgiza wayar USB ka ga ko zai yanke, ka saurari kunnen dama da na hagu daban-daban. Mai shago zai ɓata rai. Ka saba, kowa ma ɓata rai yake idan ka shigo.

Idan ka kai gida ka ji wani guuu yana bin naɗin, kada ka kira ni da tsakar dare. Yawanci wutar gida ce mai bugun hez 50 ke shigowa ta cajar kwamfuta, balle idan janareta ne. Zare caja ka yi aiki da batir, ka kashe fanka, ka sha zufa. Kiret ɗin ƙwan da na ji kana tarawa don manna wa bango kuwa, mayar wa mai shayi kayansa. Ba ya hana ƙara shiga, sai tara kyankyasai. Buɗe kabad ɗin da ka jera manyan rigunan nan naka da ba ka sakawa sai ranar taron yaye ɗalibai, ka tsaya kana fuskantar su, ka rataya bargo a bayanka, ka ja labule. Za ka ji ƙarar bango ta kwanta. Manhaja kuma Audacity kyauta ce, na san wannan ce jimlar da ta fi maka daɗi a duk takardar nan.

Waƙar ce dai ban ce komai a kanta ba, kuma ba zan ce ba, don akwai zumunci. Auto-Tune tun 1997 yake ceton mutane, amma shi ma sai ka kusanci muryar da ake nema kafin ya ja ka zuwa gare ta.

Ka shigo Kano ranar Asabar mu zaga Beirut Road da Sabon Gari, in riƙe maka hannu kada fitilu su ɗauke ka. Ka zo da kuɗin a aljihu, ban yarda da "zan tura" ba, ka haɗo da kuɗin sharar bara da ka yi kwana da shi. Abincin rana kai za ka saya, kuma ni zan zaɓi wurin.